Tsarabar da Ba Ta Son Jijjiga

A hunturuna na uku a Bulgariya kaset ɗin ya same ni. Wani ɗalibi ɗan Gusau ne ya dawo daga hutu ya miƙo mini shi, an naɗe shi cikin leda an ɗaure da zare kamar laya. Yaya Rabi ba ta rubutun boko, don haka idan tana da magana sai ta aro rikoda ta zauna ta yi mini ita da bakinta. Ita ta raine ni tun da mahaifiyarmu ta rasu a Sakajiki, kuma da tuwon da take sayarwa a tashar jirgin ƙasa ta Kaura Namoda aka yi mini kayan makaranta tun daga firamare.

Gaisuwa ta yi tsawo kamar kullum. Ta ba ni labarin gero, da wadda ta haihu, da akuyar da ta cinye mata bakin zane. Amma tana yi tana tsayawa shan ruwa, ina jin ƙarar moɗa a randa. Sai can wajen ƙarshe, kamar wadda ta tuna ta bar tukunya a wuta, ta ce likita ya ce ciwon suga gare ta, irin wanda sai da allura kullum.

"Kak ka tada hankalinka, Auta," in ji ta. "Allurar ce dai ta yi wuya. Wata rana a samu, wata rana a ce babu. Wadda anka sawo min Shinkahi kuwa, na yi ta har ta ƙare, awa ruwan rijiya nika zuba ma jikina."

Wanda ya ce kada in tada hankali bai san ni ba. Tun ina yaro ba na iya zama wuri ɗaya, Yaya kan ce kamar an zuba mini tururuwa a wando. Daga ranar nan sai abin ya ƙaru. Lokacin tsuke bakin aljihu ne a gida, mutane na layin sabulu da madara, ina ga magani. Ni kuwa, Allah da ikonsa, abin da aka ɗora ni a kansa a ɗakin bincike ke nan, wato insulin, maganin da ke cikin allurar tata. Na san sarai dalilin da ya sa ta Shinkafi ta zama ruwan rijiya.

Da carbi na fahimci abin. Insulin ɗan ƙaramin furotin ne, igiyoyi biyu masu ɗauke da 'yan duwatsu hamsin da ɗaya, an ƙulla su da juna a wuri biyu, sannan aka naɗe su wani irin naɗi nasu na kansu. Aikin maganin duk yana cikin naɗin nan. Akwai sassan da ba sa son ruwa, suna ɓoye a ciki. In zafi ya yi yawa, ko aka yi ta jijjiga kwalbar, sai naɗin ya saki, sassan nan su fito su manne da na kusa da su, abu ya dunƙule. Farin ƙwai ne in an dafa shi, ba ya komawa ɗanye. A cikin kwalba kuma ba ɗaiɗai suke zaune ba, shida-shida suke taruwa su kewaye ɗan ƙarfen zinki, kuma wanda ya ware daga taron shi ke fara lalacewa. Kwalbar da ta yini a kan tebur a rana ranar kasuwa, bayan ta sha gargada a bayan mota, sunanta kawai magani.

Malamar da nake ƙarƙashinta, Malama Elena, tsohuwa ce mai shan taba kamar murhu. Na gaya mata zan tara maganin in kai gida da hannuna. Ta ce akwai na alade a kowane kantin magani, shi ya fi yawa a ƙasar. Na ce ba zai yiwu ba. Na san malamai sun ce lalura tana halatta shi, amma na san Yaya fiye da yadda malamai suka san ta, da ta ji kalmar alade za ta ce a bar ta da Allah. Ƙarya kuma ba zan iya yi mata ba, tun ina ƙarami take gane ta a idona. Sai na saniya.

Malama ta zana mini igiyoyin biyu a allo, ta kewaye duwatsu biyu da alli. Ta ce su ke nan bambancin na saniya da na alade, amma saboda su na saniya ya fi saurin dunƙulewa in ya sha zafi ko jijjiga. Ta ce na zaɓi mai saurin fushi, irina.

Na saniya ba ya samuwa sai da takardar likita, kuma ni lafiyata lau. Na yi ta zagaya kantuna cikin ƙanƙara, takalmina na shan ruwa, kowa na kaɗa mini kai. A ƙasar kuwa kaɗa kai na nufin e, ɗaga shi na nufin a'a, har yau ban san nawa ne suka yarda na juya na tafi ba. Cikin haka aka haɗa ni da wani mutum mai zama a shagon shayi bayan tashar jirgi. Ɗalibai na kiransa Ɗan'uwa, don kowa ya gani ɗan'uwansa ne. Ya ce na saniya kwali guda ba matsala ba ne. Na ce a raina abin nema ya samu, matar falke ta haifi jaki. Kuɗin ƙasar bai dame shi ba, rikodata ta Japan yake so. Na kai masa ita a cikin jaka, na cire kaset ɗin Yaya na sa a aljihu.

Da na kai kwalin ɗakin bincike na ɗaga kwalba ɗaya a hasken taga, sai na ga gefen takardar jikinta ya ɗan ɗago. Na sa farce. A ƙarƙashi akwai wata takardar, na alade ne, kuma wa'adinsa ya wuce tun kafin in zo ƙasar. Na koma shagon shayi. Ɗan'uwa bai ko tashi ba, ya ce alade da saniya ai duk ƙafa huɗu gare su, in zauna ya saya mini shayi. Mutanen da ke zaune da shi suka zuba mini ido, na ga in na taɓa shi ni za a ɗaure. Na fita na yi ta tafiya a gari ba inda na nufa. Ga kaset a aljihu, ba abin da zan ji shi da shi, ga ƙoshi ga kwanan yunwa. Ranar na yi kewar gida har na ji ta a haƙorana.

Malama ba ta ce mini ai na gaya maka ba. Ta sa rigar sanyinta ta ja ni har gidan wani tsohon likita abokin mijinta. Mutumin ya sa na fassara masa abin da likitan Kaura ya gaya wa Yaya, ya tambayi shekarunta da aikinta. Da na ce tuwo take sayarwa, sai da muka ɓata lokaci ina yi masa bayanin tuwo. Daga nan ya riƙa rubuta mini na saniya kaɗan-kaɗan, duk wata in je in karɓa. Ina tarawa a firijin ɗakin girkinmu na ɗalibai, cikin gwangwanin biskit, in leƙa da safe in leƙa da yamma kamar mai kaza a kan ƙwai.

Hunturun da ya biyo baya ya yi tsanani har aka riƙa ɗauke wuta a unguwanni. Wata rana na dawo daga aji, sai abokin ɗakina Sidi, ɗan Mali, mutumin kirki da ba ya cin abinci sai ya ajiye mini, ya tare ni da fara'a. Ya ce wuta ta ɗauke tun safe, firiji ya mutu, amma kada in damu ya ceci maganin Yaya. Ya buɗe taga ya nuna mini. Gwangwanina na rataye a waje cikin raga, inda ɗalibai ke rataye nama da man shanu. Kwalaben sun daskare kamar duwatsu.

Gudun gara aka tarar da zago. Mu 'yan ƙasar rana mun san zafi na ɓata abu, ba mu taso da sanin cewa sanyi ma yana ɓatawa ba. In ruwan kwalba ya zama ƙanƙara, sai ya matse maganin a ɗan wurin da ya rage, naɗin ya karye, kuma ko ya narke ba a yarda da shi. Na zazzage wa Sidi abin da ke bakina, ya tsaya da raga a hannu yana kallona. Daga baya na same shi a kan matakala yana share ido, sai kunya ta kama ni, na zauna kusa da shi. Tarin wata da watanni ya tafi kwandon shara. Washegari Malama ta buɗe firijin ɗakin bincike mai injin kansa, inda doka ta hana a sa kayan kowa, ta rubuta sunanta a jikin gwangwanina ta tura shi can ƙurya. Na sake farawa daga farko.

Da damina ta kama a gida na taso. Filas biyu masu faɗin baki na saya, na naɗe kowace kwalba da auduga, na jera su, na sa 'yan kwalaben ruwan sanyi a tsakani. Sidi ne ya ɗauko mini akwati har filin jirgi, amma filas ɗin bai yarda ya taɓa ba.

Jirginmu ya sauka a wata ƙasa ta arewacin Afirka don ya sha mai, sai aka ce ya sami matsala. Aka tara mu a wani zaure mai bangon gilashi, fanka ɗaya ce kuma ba ta juyawa. Aka ce anjima, aka ce gobe, aka ce jibi. Mutane suka shimfiɗa jaridu suka kwanta, ni kuwa ina bin inuwa da filas daga wannan kusurwa zuwa waccan. Wani jami'i ya ce in buɗe. Ya zaro kwalba ɗaya ya kai kunnensa ya fara kaɗa ta kamar mai gwada ko ƙwai ya lalace. Ban san lokacin da na riƙe wuyan hannunsa ba. Da ɗan larabcin makarantar allo na ce masa maganin yayata ne, ita ce uwata. Ya daɗe yana dubana, sannan ya ajiye kwalbar a tafin hannuna a hankali. Wani dattijo mai sayar da shayi a wurin ya ga abin da ya faru, daga nan duk safiya sai ya zo mini da ƙanƙara a kofi. Ina sanyaya ruwa da ita in mayar cikin filas, ba na barin ta kusa da kwalaben. Ban taɓa jin sunansa ba.

Kano ta karɓe ni da zafin da na manta da shi. Aka ce jirgin ƙasa na Kaura ba a san ranarsa ba, sai na bi mota zuwa Gusau, daga can na sami a-kori-kura mai zuwa Shinkafi. Ruwa ya cinye hanya, rami na bin rami. In na ɗora filas a cinya sai in ji kowace gargada ta shiga cikinsu, don haka na riƙe su sama, ɗaya a kowane hannu, gwiwar hannuna na shanye girgizar. 'Yan kasuwar da ke motar suka samu abin yi. Wani ya ce zumar Turai ce, wani ya ce a'a, aljanu ne ɗan boko ya kamo. Wani mai buhunan albasa ya ce shi dai bai taɓa ganin wanda ya yi karatu har ƙasar waje ya dawo yana rawar filas ba.

Direban ya leƙo ya tambaye ni na wa ne. Na ce na Rabi mai tuwo ta tashar jirgi. Ya taka birki. Ya ce tun yana yaron mota yake cin tuwonta, kuma ba ta taɓa zuba masa miya ba nama ba. Ya sauke wanda ke gaba ya mayar da ni wurin, ya riƙa lallaɓa ramukan nan ɗaya bayan ɗaya. Da mai albasa ya fara ƙorafin za a yi kasuwa ba shi, direba ya ce mai sauri ya sauka, ga hanya nan ba kowa a kanta. Muka shiga Kaura hannuwana sun mutu, sai da aka ɓamɓare yatsuna daga marfin.

Na sami Yaya a kan tabarma a ƙofar ɗakinta. Matar da ke juya tukunyar tuwon tasha da hannu ɗaya ta koma kamar sanda a cikin zane. Na durƙusa na gaishe ta, na ajiye filas a gabanta na ce ga tsarabarki. Na ɗaga kwalaben ɗaya bayan ɗaya a haske. 'Yan kaɗan sun yi hazo na ware su, sauran tas kamar ruwan sama. Na samo tukunyar ƙasa na binne ta cikin jiƙaƙƙen yashi a gindin randa, na nuna wa 'yarta yadda za a riƙa yayyafa ruwa. A lissafina zai kai ta har in sake dawowa. Cikin kwanaki kaɗan ƙishirwar ta ragu, ta fara yi wa masu daka faɗa, na san ta dawo.

Sai na tafi Sakajiki gaida dangi da ziyarar kabarin mahaifiyarmu. Ranar da na dawo, kafin in cire takalmi na je na buɗe tukunya. Fiye da rabi babu.

Ba ta ɓoye mini ba. Ta ce ta aika wa Malam Ɗahiru tela a Shinkafi, da wata Hajiya Kulu mai sayar da man gyaɗa a Moriki, da wani malamin firamare a Birnin Tsaba. Dukansu allura ɗaya likita ya rubuta musu, a bencin asibiti suka san juna. Har tana gaya mini da alfahari cewa ta sa an naɗe su da jiƙaƙƙiyar auduga cikin ƙwarya, ta kuma ja kunnen masu kaiwa su riƙe sama kamar yadda direba ya ba ta labarin na yi.

Ban taɓa ɗaga wa Yaya murya ba sai ranar. Na faɗa mata rikoda, na faɗa mata ƙanƙara, na faɗa mata jami'in da ya kusa ɗaure ni. Ta bari na gama.

"Auta, da kaz zo da shi mi kac ce? Ba tsarabata kac ce ba?"

Na ce haka ne.

"To ina ka taɓa ganin an ci tsaraba mutum guda? Benci guda muka zama da mutanen ga. Ranar da babu, tare muka tashi hannu wohi. In yi allura in kwana lahiya, da sahe a ce min Malam Ɗahiru ya tahi? Da wane ido zan je gaisuwa?"

"Yaya, in naki ya ƙare fa?"

"In ya ƙare ya ƙare. Wanke hannu, tuwonka na hucewa."

Na koma Turai da fushina. Daga baya al'amuran ƙasar suka birkice, kantunan magani suka bushe, tsohon likitan ya rasu. Na gama karatu na bi aiki zuwa wata ƙasa, daga can zuwa wata, ƙafata ba ta zauna ba. Nakan ba matafiya saƙon magani, wani ya isa, wani ya kwana a but ɗin mota ya isa a matsayin ruwan rijiya, wani kuma ko labarinsa. Duk sanda na lissafa na ga nata ya ƙare, sai in kasa cin abinci. In aka miƙo mini kaset, sai na yi ta juya shi a hannu kafin in sa, ina tsoron in ji muryar wani. Amma kullum ita ce, da geronta da akuyoyinta. In na tambayi allura sai ta ce ana samu, ta wuce zuwa wani zancen.

Shekarar da aka ba mu jihar Zamfara ta rasu, zazzaɓin damina ne ya ɗauke ta. Na iso bayan an yi jana'iza. Da mutane suka ɗan ragu na shiga ɗakinta, ƙafata ta kai ni gindin randa. Yashin na nan a jiƙe. Na buɗe tukunya. Akwai kwalabe a ciki, wata da rubutun faransanci, wata da larabci, wata da turanci. Babu ko ɗaya a cikin waɗanda na aiko.

Da na fito da su, wani tsoho mai tabarau da ke zaune a zaure tun safe ya ce shi ne Ɗahiru tela. Ya ce mai faransancin ɗansa ne ya kawo daga Maraɗi, mai larabcin Hajiya Kulu ce ta zo da ita daga aikin hajji, ɗayar kuma ƙanen malamin Birnin Tsaba ne ya aiko daga Kaduna. Tun daga tsarabar nan tawa, duk wanda ya samu sai ya raba huɗu.

"Yanzu uku za mu riƙa rabawa," in ji shi. Ya goge tabaransa da bakin riga. "Wanga da yar rage, in ba ka da abin yi da shi, Hajiya Kulu nata ya kusa ƙarewa. Gobe akwai motar Moriki."

Na ce ba sai an ba kowa saƙon ba, ni zan kai. Da safe na jiƙa auduga na naɗe su ɗaya bayan ɗaya, na jera a ƙwaryar Yaya. Na shiga gaban mota na riƙe ta sama da hannu biyu, na ce wa direba ya tafi a hankali.